Ba garin ƙwayoyi ke cika tumbin saniya ba

Ƴan uwa, kowace bazara labarin guda ne a Adar. Ku leƙa kasuwar bisashe ta Tawa ko ta Abalak a watan Mayu: saniyar Azawak ana ƙirga haƙarƙarinta, mai ita yana sayar da ita a wulaƙance don ya sayi dussar da zai ceci sauran. Mun ga yadda garake suka ƙare a 1984 da 2010, amma har yau dabararmu ita ce jiran buhunnan dussa da ƙulin auduga daga waje, waɗanda sau da yawa sai saniya ta kwanta suke isowa.

Yanzu kamfanonin ƙetare suna tallar garin ƙwayoyi masu rai, yisti da bakteriya, da ake barbaɗawa a abincin shanu. Kafin wani ya kawo mana shi a ce an samu mafita, ni ina da magana.

Ƙwayoyin gaskiya ne. Su ne ke narkar da kara a cikin tumbin saniya, kuma irin waɗanda ke sa nono tsami su ne ke tsima ɗanyen kara in an daddatsa shi, an danne shi a rami, an rufe da leda iska ba ta shiga. Amma su ma sai sun ci suke aiki. Busasshen karan hatsi ba shi da abin gina jiki da zai ishe su. Ka barbaɗa gari mai tsada a kansa, wallahi kuɗinka ka zubar. Ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin haushin, dabarar tana nan gida. Kilo 5 na takin ure a lita 50 na ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na kara, a rufe mako 3: karan ya yi laushi, ya ƙara amfani. INRAN ta daɗe da haɗa dunƙulen abinci da niƙaƙƙen kara, ƴaƴan gawo, dussa da gishiri, har da fosfat na Tawa da farar ƙasar Malbaza. To makiyayi nawa ne a Keita ko Cintabaradan suka taɓa ganin an gwada musu? Ure kuma in ya yi yawa guba ne, shi ya sa ake bukatar malamin kiwo a kusa.

Ga abin da nake nema ga magabata. Injin niƙa kara a kowace kwamin. Horo tun da kaka, lokacin da kara ke jibge. Duk garin da za a shigo da shi, jami'ar Tawa da INRAN su fara gwada shi kan shanunmu da karanmu, su faɗi sakamako da Hausa da Tamajak da Fulatanci.

Mu ƴan birni da ke shan nono muna cin nama, mu tambayi magajin garinmu: kuɗin kiwon bana, nawa aka sa wa kara?