Ruwa ko garau ne, a gwada shi

Duk garin da fatauci ya kai ni, kafin in tambayi kuɗin haya, haƙoran yaran unguwa nake fara dubawa. Na yara fa, don manya goro ya riga ya gama da nasu. Uwargida dariya take yi mini, amma ina da dalili.

Ruwan burtsatse shekaru yake yi kwance cikin dutsen yashi da laka a ƙarƙashin ƙasa, yana narkar da abin da ya tarar. In farar ƙasa ce, sabulu ya ƙi kumfa, butar shayi ta yi farin ɓawo. Wannan da sauƙi. Fuloraid shi ne abin tsoro: ba launi, ba wari, tafasawa ma ba ta fitar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita guda. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiya mai zurfi ya ninka haka fiye da sau uku. Ɗaruruwan yara haƙoransu suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe.

To Alhaji, in ka ga dabbare-dabbare a haƙoran yaran maƙwabta, cika kwalba ka kai ɗakin gwaji kafin ka ɗauko iyali.