Wuta a waje, ɗumi a ɗaki

1/ A ƙauyukan Amurka da Kanada wasu kan haɗa tukunyar ɗumama gida da kansu: murhun itace a waje, tankin ruwa kewaye da shi, ƙaramin inji na tura ruwan zafi ta bututu zuwa ɗakuna.

2/ Masu cewa "mai walda zai haɗa mana", ku dakata. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700. Tankin da ba shi da mafitar tururi bam ne, wallahi.

3/ Ga hayaƙin da maƙwabta ke shaƙa. A 2015 Amurka ta sa wa na kamfani ma ƙa'idar hayaƙi.

4/ Abin koyi ɗaya ne: wutarsu a waje take. Mu fa? Hunturu na kankama a Jos ko Kano, sai kaskon gawayi ya shiga ɗaki, a toshe taga. Iskar da gawayi ke fitarwa ba wari, ba launi. Mutum ya kwanta, shi ke nan.

5/ Ɗora ruwa a waje, ɗura a gora mai murfi, naɗe da tsumma, sa cikin bargo. Kasko ya kwana tsakar gida. Ku faɗa wa su Kaka.