Raunin Yaro a Filin Ƙwallo Ba Abin Daurewa Ba Ne

Mai karatu, in kana da yaro a gida, da wuya la'asar ta yi bai fita filin unguwa buga ƙwallo ba. Wannan abu ne mai kyau, domin wasa yana ƙarfafa jiki, yana kuma koya wa yaro zama da 'yan'uwansa. Inda muke jan hankalinka shi ne ranar da ya dawo yana ɗingishi, aka ce masa, "Daure mana, ai kai namiji ne."

Ƙashin yaro ba irin na babba ba ne. A ƙarshen dogayen ƙasusuwa, kusa da gwiwa da idon sawu da wuyan hannu, akwai guringuntsi wanda daga nan ne ƙashi yake ƙara tsawo. Wurin ba ya gama ƙwari sai namiji ya kai wajen shekara 16 zuwa 18, mace kuwa kafin haka. Shi ya sa faɗuwar da za ta tsaya a targaɗe ga babba, ga yaro tana iya zama karaya a daidai wannan wuri. In ba a daidaita ta ba, ƙafar tana iya karkacewa ko ta fi 'yar'uwarta gajarta har abada.

Mun san da yawa gidan mai ɗori ake fara zuwa. To, amma a sani, karare da tsumman da aka matse a kan gaɓa mai kumburi suna hana jini gudana. Cikin kamar awa 6 naman wurin yana iya fara mutuwa, wani lokaci har ta kai ga yanke hannu ko ƙafa.

Saboda haka, idan yaro ya ji rauni, a fitar da shi daga wasa. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a ɗaga gaɓar sama, kada a murza, kada a ja. In ya kasa taka ƙafar, ko gaɓar ta lanƙwashe, a kawo shi a ɗauki hoton ƙashi a ranar. In an riga an ɗaure, yatsu suka yi sanyi ko suka fara baƙi, ko ciwon yana ƙaruwa, a sassauta ɗaurin a garzayo asibiti ko da tsakar dare ne.

Kada ya koma fili sai likita ya amince. Gara ƙungiyarsu ta buga wasa biyar babu shi da ya rasa ƙafarsa. Allah Ya kare mana 'ya'yanmu, amin.