Kafin mu sauya moter ɗin pompo, mu tambayi wa zai yi mishi fifita

Komitin ruwa da masu garka da yawa suna cire tsofaffin moter masu kuran kontini suna sa masu alternatif. Ba mu ga laifinsu ba. Moter ɗin alternatif ya fi araha, ba shi da sharbon da ke cinyewa, kuma mai gyaran bobinaj ba ya wuyar samu a Maraɗi ko Damagaram. Abin da ke damunmu shi ne takardar devi: moter, variyater, waya, kuɗin aiki. Maganar sanyaya babu.

Ga inda matsalar take. Manyan moter na kontini galibi suna zuwa da fanka mai ƙaramin moter nata, tana hura iska da ƙarfi ɗaya ko pompo na gudu ko yana tafiya sannu. Na alternatif da aka saba saye kuwa, fankarsa a jikin sandar da ke juyawa take. Ka rage gudu da variyater, fankar ma ta rage. To, ga pompon da nauyinsa ke raguwa in ya yi sannu, da sauƙi. Amma mai fiston ko mai dunƙule, nauyin yana nan, iska ce kawai ta tafi, sai waya ta riƙa dahuwa a ciki ba mai gani.

Sannan ƙarfin da aka rubuta a jikin moter, an auna shi ne bisa zafin waje da bai wuce digiri 40 ba. Wa bai san Afrilu da Mayu a Tawa ko Ƙonni ba? A inuwa ma ana wuce 40, balle ɗakin tol marar taga da aka kulle saboda ɓarayi. Masu sana'ar suna da lissafi: duk ƙarin digiri 10 bisa ƙa'ida yana raba kwanan rufin wayar bobinaj biyu. Ƙurar hunturu kuma ta toshe tsagogin jikin moter. Variyater ɗin shi ma zafi yake fitarwa, ba a cusa shi cikin akwatin ƙarfe a rana.

Na cikin foraj ruwa ne ke sanyaya shi, amma sai ruwan ya bi ta jikinsa. In ramin ya yi faɗi, a sa mishi riga mai tilasta ruwan bi ta nan.

Ranar da moter ya ƙone a tsakiyar bazara, ba mai devi ke shan wahala ba. Mata ne a layi da bido tun asuba, albasa da tumatir na bushewa. Don haka, shugabannin komiti, kada ku sa hannu sai teknisiyan ya rubuta muku mafi ƙarancin gudun da moter zai jure, ko akwai fanka ta daban, da ta inda iska za ta shiga ɗakin ta fita. In ya ce ba komai, ya rubuta hakan ma, ya sa hannu.