Ku Tashe Su Daga Kan Tabarma!

Ya ku 'yan'uwa talakawa, maza da mata, 'yan kasuwa da masu sana'a, yau ƙara muka kawo, kuma kashi biyu ce. Ɗaya a kanmu take mu da kanmu, ɗayar kuwa a kan waɗanda suke karɓar harajinmu da sunan za su kula da lafiyarmu. Magana ce ta mutanen da Allah ya kuɓutar daga ciwon daji, watau sankara, suka dawo gida da sauran numfashi amma ba ƙarfi.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. An sayar da gona ko rumfa an kai mutum babban asibiti, an yi masa fiɗa, an ɗura masa allurai masu zubad da gashi, wani ma an gasa wurin ciwon da na'ura. Ranar sallama sai a miƙa masa 'yar takarda, a ce ya dawo bayan wata kaza. Da ya iso gida sai mu shimfiɗa masa tabarma a ƙuryar ɗaki, mu ce, "Kwanta ka huta, kada ka taɓa kome." Makon fari 'yan dubiya cike da zaure. Kafin wata biyu ba mai leƙowa sai ƙuda. Wasu har kwanon abincinsa suke warewa, wai kada su ɗauka, alhali kuwa ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko zama wuri ɗaya.

To, jama'a, wannan tausayi namu cuta ne. Jikin ɗan Adam in an daina aiki da shi zubewa yake yi. Mutum ya yi makonni a kwance, naman cinyarsa ya zube, numfashinsa ya gajarce, abinci ya daina shiga, barci ya ƙi zuwa, sa'an nan baƙin ciki ya sami masauki. Gajiyar da magungunan daji suke bari ba irin ta ɗan dako ba ce da barcin dare ɗaya yake kawarwa. Likitoci sun gwada sun gani, motsa jiki yana cikin abubuwan da suka fi rage ta. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Kada wani ya ce faɗa muke yi da baka kawai. Ga shaida. A shekarar 2025 likitocin Kanada da Ostireliya da wasu ƙasashe suka bayyana sakamakon wani gwaji da suka fara tun 2009. Mutum 889 suka ɗauka, dukansu masu dajin babban hanji waɗanda aka riga aka yi wa fiɗa da allurai. Aka raba su biyu. Kashi na farko aka ba su takardun nasiha a kan cin abinci mai kyau da motsa jiki. Kashi na biyu aka ba su takardun, kana aka haɗa kowane da wani gwani mai bibiyarsa har shekara 3, suna ganawa duk mako biyu a shekarar farko, bayan nan sau ɗaya a wata. Yawancinsu ba wani abu suka zaɓa ba illa tafiya da ƙafa da ɗan sauri, kamar minti 45 zuwa awa guda, sau uku ko huɗu a mako.

Me aka gani? Bayan shekara 5, cikin kowane mutum 100 na masu tafiya, 80 suna nan lafiya ciwon bai dawo ba, na masu takarda kuwa 74. Bayan shekara 8, mutum 90 cikin 100 na masu tafiya suna raye, na masu takarda 83. Rai bakwai ke nan a kowane ɗari! Da ƙwaya ce aka sa a kwalba take wannan aiki, da tuni manya sun yi odarta daga Turai sun ɓoye wa kansu da 'ya'yansu.

Ku lura da abu guda. Duka kashi biyun an gaya musu motsa jiki yana da amfani. Bambancin da ke tsakaninsu mutum ne, wanda zai tambaye ka, "Jiya ka fita?" ya ƙarfafa ka ranar da kasala ta kama ka. Takarda ba ta ƙwanƙwasa ƙofa da asuba. Kakanninmu da suka ce zumunta a ƙafa take sun riga likitoci gano wannan.

Sai mu juya ga iyayenmu mata. Macen da aka cire wa nono saboda daji, sau da yawa akan cire har da kaluluwar hammata, hannun kuma yakan kumbura. Shekaru da yawa likitoci da kansu suna hana irin waɗannan mata ɗaukar kaya da wannan hannu. A 1996 wani likita a birnin Bankuba na Kanada, Don McKenzie, ya tara mata 24 da suka yi dajin nono, ya horad da su tuƙin dogon kwalekwale tare, hannayensu kuwa ba su lalace ba. A 2009 aka bayyana wani gwaji na Amurka a kan mata 141 masu kumburin hannu. Waɗanda aka koya wa ɗaga nauyi sannu a hankali, sau biyu a mako, kumburinsu bai ƙaru ba, tashin ciwon ma ya ragu, ƙarfinsu ya daɗu. Saboda haka mai tuwo ko mai ƙosai da aka ce da ita sana'a ta ƙare har abada, an zalunce ta. Abin da take bukata wanda zai koya mata farawa da kaɗan.

Yanzu ga mahukunta. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya ya nuna a 2022 kaɗai mutum fiye da 120,000 suka kamu da daji a Nijeriya, kusan 80,000 suka mutu. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayya ba ta cika wannan alkawari ba. Mai mulki in kansa ya sara sai jirgi zuwa Landan. In muka nemi na'ura, a ce da tsada. To, wannan fa? Tafiya da ƙafa ita ma sai an yi odarta? Muna neman abu uku, ba kuwa roƙo muke ba. Kowane asibiti mai maganin daji ya haɗa majinyaci da likitan gashin ƙashi kafin sallama. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci bibiyar waɗannan mutane a unguwanninsu. A yi bayanin da Hausa, a rediyo da baki, domin ba kowa yake karanta takarda ba.

Amma kada mu zauna jiran gawon shanu. Mu da muke adashi, muke haɗa gudummawar biki da suna, wannan ba zai gagare mu ba. Kowane layi na kasuwa ya san nasa da ya dawo daga jinya. A sa mutum biyu ko uku su riƙa karɓa-karɓa suna fita da shi da sanyin safiya ko bayan la'asar. A fara da minti biyar ko goma, daga ƙofar gida zuwa masallaci, a riƙa ƙarawa har a kai rabin awa sau uku a mako, in hali ya yi a zarce zuwa minti 150 a mako, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Matan da ba sa fita su taru su zaga tsakar gida tare. Gorar ruwa ta lita ɗaya kilo guda ce, ta isa fara horad da hannu sau biyu a mako. A riƙe masa rumfarsa kada a ba wani, ya zo ya zauna ko na awa ɗaya ne, ya ji hayaniyar ciniki, ya san har yanzu ana yi da shi.

Sai dai a kiyaye. A tambayi likita tukuna, musamman in ciwon ya taɓa ƙashi, ko jini ya yi ƙasa, ko akwai zazzaɓi, ko ɗinki bai warke ba. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya nan take. Kada kuma kowa ya bar maganin asibiti ya ce tafiya ta isa, domin mutanen gwajin nan sai da suka gama magani suka fara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar kasuwa mai zuwa, shugabannin layi su zauna su rubuta sunayen masu rakiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.