Tsofaffin Gidajen Argungu da Cinikin Filaye

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in faɗa wa 'yan'uwana masu karatu abin da ke damuna.

Baƙon da ya sauka Argungu da wuya ya koma bai ga Gidan Tarihi na Kanta ba. Nan ne fadar Sarkin Kabi har 1942, sa'an nan a 1958 aka mai da shi ma'ajiyar kayan kakanni. Wannan gida ya tsira don akwai masu kula da shi. To, ina labarin gidajen talakawa?

Na zaga unguwannin cikin gari, na ga zaurukan tubali da azara suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Dalili kuwa, yanzu dillalai ba ginin suke yi wa kuɗi ba, filin suke dubawa, balle in yana bakin hanya. Da maigida ya rasu sai magada su sayar su raba, mai saye ya rushe, ya jera shagunan haya na bulo da kwano. Ga shi a 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, alhali soron ƙasa yaɓe kawai yake so kafin damina, ya kuma fi sanyi da bazara.

Shawarata, ɗaya daga cikin magada ya riƙe gidan, ya riƙa biyan sauran rabonsu kaɗan kaɗan. Masarauta kuma ta sa a rubuta tsofaffin gidajen tun maginan ƙasa suna da rai. Abin da aka rushe ba ya dawowa.

Ni ne naka,
Akawu, Argungu