Sharhi: Kambin da ake cirewa gaban talakawa, a ɗora shi gaban baƙi

A daren 8 ga watan Yulin 2025, lokacin da Sarki Charles na Uku na Birtaniya ya shirya wa shugaban Faransa Emmanuel Macron liyafar cin abinci a fadar Windsor, ɗaya daga cikin hotunan da suka fi yawo a shafukan sada zumunta shi ne na Catherine, matar Yarima William, da ƙaramin kambin daimon da lu'ulu'u a kanta. Ranar 17 ga watan Satumba ta sake ɗora shi a liyafar da aka yi wa shugaban Amurka Donald Trump. Sai dai a ranar da ta fi kowace rana girma a mulkin surukin nata, wato ranar bikin naɗinsa, 6 ga watan Mayun 2023, ba ta sa irin wannan kambi ba. Sarauniyoyin da suka zo daga Sifaniya da Holan ma da huluna suka shiga majami'ar Westminster.

Me ya sa ake cire shi a wani taro, a ɗora shi a wani? Amsar tana da alaƙa da tsadar rayuwa, da diflomasiyya, da kuma tarihin mulkin mallaka wanda har yau Afirka da Asiya ba su gama lissafinsa da Landan ba.

Mene ne tiyara, kuma wa ke sa ta?

Turawa na kiran wannan ƙaramin kambi na mata tiyara. Ta bambanta da kambin sarauta, wanda ke zagaye kai gaba ɗaya kuma sarki ko sarauniya kaɗai ke ɗora shi. Tiyara ado ce da ake kafawa a gashi ta gaban kai, kuma tana da ƙa'idoji. A al'adar fadar Birtaniya da dare ake sa ta, a taron da maza ke zuwa da baƙar kwat mai jela da farin ɗamarar wuya, mata kuma da doguwar riga har ƙasa, kowa da lambobin girmansa a ƙirji. Yawanci mace na fara sa ta ne ranar aurenta, kamar yadda Catherine ta yi a shekarar 2011 da wadda Sarauniya Elizabeth ta ara mata. Wadda ta sa a liyafar Macron da ta Trump kuwa, Sarauniya Mary ce ta sa aka ƙera ta a 1913, kuma marigayiya Diana ta sha sa ta.

Duk wanda ya taɓa halartar naɗin sarauta a Damagaram ko Tibirin Gobir ya san cewa rawani da alkyabba suna magana. Daga yadda aka naɗa rawani ana gane ɗan sarki, ana gane bafade. Haka abin yake a Turai, har ma ya fi nauyi, domin tsarin mulkin Birtaniya bai bai wa sarki damar tsoma baki a siyasa ba. Abin da bakinsa ba zai faɗa ba, tufafin gidansa ne ke faɗa.

Daga 1953 zuwa 2023

Ranar 2 ga watan Yunin 1953, da aka naɗa Sarauniya Elizabeth, mutane sama da 8,000 ne suka cika majami'ar Westminster. Masu sarautun gargajiya na Ingila sun zo da jajayen alkyabbu masu gashin dabba a kafaɗa, matansu da tiyara, kuma a daidai lokacin da aka ɗora wa sarauniya kambi su ma suka ɗora nasu ƙananan kambunan a tare. A wancan zamani Birtaniya na mulkin Najeriya da Gana da Kenya da wasu ƙasashe da dama, kuma bikin ya nuna wa duniya hakan.

Bayan shekara 70, baƙin da aka gayyata ba su wuce 2,000 da ƴan kai ba. An ce su zo da kayan rana: kwat, ko kayan sarki na soja, ko tufafin gargajiyar ƙasarsu. Matar yarima mai jiran gadon Japan ta zo da kimono, Sarkin Asante na Gana Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya zo da kente. Catherine da ɗiyarta Charlotte sun sa wani ado mai siffar ganye da aka yi da zaren azurfa da ƙarau. Shi kansa Charles ya bar gajeren wando da dogayen safa na siliki irin na kakanninsa, ya sa dogon wandon sojan ruwa, kuma rigunan zinariyar da aka lulluɓa masa tsofaffi ne: ɗaya ta 1821, ɗaya ta 1911.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watan Oktoban 2022 hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin 100, abin da ba a gani ba cikin shekara 41. Ma'aikatan jinya da malaman makaranta da direbobin jirgin ƙasa sun yi ta yajin aiki a kan albashi. Wani binciken jin ra'ayi da kamfanin YouGov ya yi wa BBC gab da bikin ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na ƴan ƙasar na son a ci gaba da sarauta, amma a cikin matasa ƴan shekara 18 zuwa 24, kashi 32 ne kawai ke goyon baya, yayin da kashi 38 suka fi son zaɓaɓɓen shugaba. A irin wannan yanayi, nuna wa mai bin layin karɓar abincin agaji ɗaruruwan kawuna cike da daimon a talabijin zai zama tsokana.

Hoto ya sauya, lissafi bai sauya ba

Cire tiyarar bai rage wa talaka ko kwabo ba, domin kayan na nan a ajiye tun kaka da kakanni, ba sayo su za a yi ba. Rahoton da gwamnati ta fitar a watan Nuwamban 2024 ya nuna cewa bikin ya ci fam miliyan 72 daga aljihun masu biyan haraji, wato sama da miliyar 50 na kuɗin Sefa, kuma kusan fam miliyan 22 daga ciki sun tafi ne ga aikin ƴan sanda. Kuɗin da gwamnati ke ware wa fada duk shekara ya tashi daga fam miliyan 86.3 zuwa kimanin miliyan 132 a kasafin 2025 zuwa 2026, inda aka ce gyaran fadar Buckingham ne ya jawo ƙarin.

A safiyar naɗin kuma ƴan sanda sun kama shugaban ƙungiyar Republic mai fafutukar soke sarauta, Graham Smith, tare da wasu abokan gwagwarmayarsa, kafin su fara zanga-zangar da suka shirya. Daga baya aka sake su ba tare da tuhuma ba, rundunar ta kuma nuna nadamarta. Masu sukar fada na kafa hujja da waɗannan abubuwa, suna cewa an rage ƙyalli ne a ido kawai. Magoya bayanta kuwa na cewa sarkin da ya san lokacin da zai sauke kaya ya fahimci jama'arsa, kuma hakan ma wani abu ne.

Inda tiyara ke biyan kuɗinta

Bayan wata shida da naɗin, ranar 7 ga watan Nuwamban 2023, Sarauniya Camilla ta je buɗe majalisar dokoki da kambin daimon na 1820 a kanta. A liyafar baƙin ƙasa kuwa ba a taɓa daina sa tiyara ba, kuma nan ne amfaninta ya fi fitowa fili.

Ba sarki ke zaɓen wanda za a gayyata ziyarar ƙasa ba, gwamnati ce ke ba da shawara. Firaminista Keir Starmer ne da kansa ya miƙa wa Trump takardar gayyatar sarki a fadar White House a watan Fabrairun 2025, a daidai lokacin da Landan ke neman sassauci kan harajin da Amurka ke shirin ɗora wa kayayyakin ƙasashen waje. A makon ziyarar, gwamnatin Birtaniya ta sanar da alƙawuran zuba jari na fam miliyar 150 daga kamfanonin Amurka. Ziyarar Macron, wadda ita ce ta farko ta wani shugaban ƙasar Tarayyar Turai tun bayan ficewar Birtaniya daga ƙungiyar, ta ƙare da yarjejeniyar da ta shafi ƴan ci-rani kai tsaye: Birtaniya za ta riƙa mayar wa Faransa wasu daga cikin masu tsallaka teku da ƙananan kwale-kwale, ta karɓi adadinsu ta hanyar da doka ta yarda.

Tiyara ba ta sa hannu a takarda, amma tana cikin abin da Birtaniya ke saye zuciyar baƙo da shi. Wasu ƙasashe sun fi ta kuɗi da makamai a yau, kaɗan ne ke da tsohuwar fada da dawakai da kekunan doki da za su tarbi shugaba da su.

Daga ina duwatsun suka fito?

Tambayar da ta fi damun fadar ita ce ta asalin duwatsun. A watan Fabrairun 2023 aka sanar cewa za a naɗa Camilla da kambin Sarauniya Mary na 1911, ba za a ƙera sabo ba. Abin da kowa ya lura da shi shi ne an kauce wa daimon ɗin Koh-i-Noor, wanda matan sarakuna uku da suka gabace ta suka sa a naɗin 1902 da 1911 da 1937. Dutsen ya shiga hannun Turawan Ingila ne a 1849, bayan sun ci yankin Punjab da yaƙi, suka sa sarkinsa Duleep Singh, yaro ɗan shekara 10, ya miƙa shi. Indiya da Pakistan da Afganistan da Iran duk sun taɓa cewa nasu ne.

Sai dai an gudu ne ba a tsira ba. Duwatsun da aka saka a kambin Camilla ɓangarori ne uku na daimon ɗin Cullinan, wanda aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905 da nauyin karat 3,106. Gwamnatin Turawan mulkin mallaka ta Transvaal ce ta ba Sarki Edward na Bakwai shi kyauta a 1907, a zamanin da baƙar fatar da ke shiga ramin haƙar ba su da ta cewa a ƙasarsu. Ɓangare mafi girma, mai karat 530, yana kan sandar mulkin da Charles ya riƙe ranar naɗi, na biyu mai karat 317 yana goshin kambin da ya fito da shi daga majami'ar. Ƴan Afirka ta Kudu da dama sun sa hannu a takardun neman a mayar da shi, amma har yau yana Hasumiyar Landan, inda masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su kalle shi.

Abin da ya faru da kayan zinariyar Asante ya nuna iyakar abin da Birtaniya ke shirin yi. A 2024 gidajen tarihi biyu na Landan sun mayar da kayayyaki 32 zuwa Kumasi, waɗanda akasarinsu sojojin Ingila suka kwashe a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Amma a matsayin aro aka kai su, na shekara uku da za a iya sabuntawa. Mai kaya ya zama mai aron kayansa.

Sauran masarautu sun riga sun rage

Birtaniya ce kaɗai masarautar Turai da ke ɗora wa sarki kambi a bikin addini har yanzu. Danmak ta yi naɗinta na ƙarshe a 1840, kuma a watan Janairun 2024 firaminista ce kawai ta fito baranda ta shelanta Frederik na Goma a matsayin sarki. A Sifaniya, Gimbiya Leonor mai jiran gado ta yi rantsuwar biyayya ga kundin tsarin mulki a watan Oktoban 2023 da farar kwat da wando. A Japan, da Gimbiya Aiko ta cika shekara 20 a watan Disamban 2021, ba a ƙera mata sabuwar tiyara kamar yadda aka saba ba, ta ari ta gwaggonta saboda halin da annobar korona ta jefa jama'a. Suwidin kuwa na fito da nata duk ranar 10 ga watan Disamba, a liyafar lambar yabo ta Nobel, lokacin da idon duniya ke kanta.

Afirka ta taɓa ganin abin da ke faruwa idan mai mulki ya kasa karanta yanayi. Ranar 4 ga watan Disamban 1977, Jean-Bédel Bokassa ya naɗa kansa sarkin sarakuna a Bangi, da kambin daimon da aka ƙera a Faransa, a bikin da aka ƙiyasta ya ci kimanin dala miliyan 20 a ɗaya daga cikin ƙasashe mafiya talauci a duniya. Kafin cikar shekara biyu, Faransar da ta taimaka masa da bikin ita ce ta turo sojojin da suka kawar da shi.

Masarautun Turai sun daɗe ne saboda sun iya wannan lissafi: a rage ado idan ƴan ƙasa na kukan yunwa, a fito da shi idan baƙo mai amfani ya zo. Dabarar ta yi aiki a 2023, amma tana da iyaka. Ana iya ɓoye Koh-i-Noor na yini ɗaya, sai dai sandar mulki da kambin ƙasa ba a yin naɗi ba tare da su ba, kuma duka biyun duwatsun Afirka ne a jikinsu. Ranar da za a naɗa William, matasan da a 2023 kashi 32 cikin 100 kaɗai daga cikinsu ke son sarauta su ne za su zama iyaye masu biyan haraji, kuma Pretoria da New Delhi za su sake tambayar ina kayansu.